Wuraren Kiɗa da Wasa a Birnin Kano: Daga Ƙofar Fada Zuwa Zauren Haya



1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙoƙin baka na Hausa sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen karkasa makaɗa gida-gida, da tsettsefe salonsu, da bin diddigin rayuwarsu. Amma akwai wata tambaya wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, watau, a ina ake yin kiɗan? Kowane makaɗi tilas yana da wurin da yake tsayawa, da wanda ya ba shi iznin tsayawa a nan, da kuma irin mutanen da al'ada ta yarda su zo su saurare shi. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin waɗannan wurare a birnin Kano, tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har zuwa yau. Abin da nake so in nuna abu biyu ne. Na farko, yawancin gardamar da Kanawa suka sha yi game da kiɗa, idan an duba ta da idon basira, gardama ce a kan wuri. Na biyu, makaɗanmu na gargajiya wurin tsayawa suka fara rasawa, sa'an nan rashin masu sauraro ya biyo baya.

2.0 Ƙofar Fada

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya ambaci sababbin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya ƙago a zamaninsa. A cikinsu akwai gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, da kafa Kasuwar Kurmi, da busa kakaki, da figini. Abin lura a nan shi ne, sarkin da ya gina fada shi ne kuma ya ba ta muryar da za a san ta da ita daga nesa. Tun daga wannan lokaci filin da ke gaban fada ya zama babban dandalin kiɗa na birni, ko da yake ba wanda ya taɓa kiransa da wannan suna.

Kiɗan fada yana da dokokinsa. Tambari da kakaki na Sarki ne, ba a kaɗa su ko a busa su don wani attajiri, kome yawan dukiyarsa. Akwai kuma algaita da farai da ƙaho da kotso da taushi da banga da jauje, kowanne da gidan da ya gaje shi, da shugabansa mai sarauta, da matsayinsa a jerin gwano. Sanƙira kuwa shi ne shugaban maroƙan baka. Lokacin kiɗan ma a ƙayyade yake: daren Juma'a, da daren salla, da ranar naɗin sarauta, da fitar Sarki da komowarsa. A kwanakin salla kuwa, watau Hawan Salla da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, titunan birni gaba ɗaya su ne filin wasa, kowane hakimi da makaɗansa a bayansa.

A wannan tsari mai sauraro ba ya biyan ko anini. Kiɗa yana da mai shi, watau ubangidan makaɗi, shi ne mai ba da doki da riga da hatsi da gida. Talaka yana tsaye daga gefe yana sha da kunne, amma ya san ba dominsa ake yi ba.

3.0 Kasuwa da Dandali da Cikin Gida

Idan aka bar fada, za a tarar kusan kowace sana'a tana da kiɗanta, kuma wurin sana'ar shi ne wurin kiɗan. Kalangu na mahauta ne, yana bin su mahauta da kasuwa. Dundufa na maƙera ne. Manoma suna da gangar noma wadda ake kai wa gona ranar gayya. 'Yan tauri da mafarauta da 'yan dambe da 'yan kokawa, kowa da gangarsa da takensa, wanda idan an kaɗa sai tsuma ta kama shi. Lokacin kaka, bayan an kawar da amfanin gona, shi ne lokacin dambe da kalankuwa a ƙauyukan da ke kewaye da birni.

A cikin unguwanni kuma akwai dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na kallo, mai kalangu na neman abin sawa a baka. A watan azumi, daga goma ga wata, yara da samari kan fita tashe gida-gida, Nalako kuma ya fito farautar gwauraye da kiɗansa. Wannan wasa ne mai yawo, ƙofar kowane gida dandali ce ta ɗan lokaci.

Sai kuma wurin da ya fi kowanne yawa, amma aka fi mantawa da shi, watau tsakar gida. Matan aure na kulle ba su zuwa dandali, saboda haka kiɗa ne ke zuwa ya same su. Kiɗan ƙwarya da amada a ranar suna ko biki, da shantu a ɗakin amarya, da lugude a bakin turmi, da waƙar niƙa da ta daɓe, duk a bayan katanga ake yinsu, namiji baligi ba ya leƙawa. Mawaƙa mata irin su Uwaliya Mai Amada a nan suka yi suna kafin rediyo ya fitar da muryarsu waje. Garaya da gogen bori kuwa an tura su gefe, gidajen magajiyoyi da bayan gari.

Ke nan a Kano ta dā kiɗa ba shi da gidan kansa. Baƙo ne a gidan sarauta, ko gidan sana'a, ko gidan biki, kuma darajar gidan da ya sauka ita ce ke yanke hukuncin ko za a yi masa kallon mutunci.

4.0 Jihadi da Iyakar da Ya Shata

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa yawan shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba bisa wata bukata ta shari'a ba a cikin halayen mulkin da yake suka. Amma ya bar ƙofa ga ganga idan don tara mayaƙa ne ko sanar da jama'a wani muhimmin abu. Abin da malaman jihadi suka fi tsananta a kai shi ne cuɗanyar maza da mata a wurin wasa, da bori, da roƙo mai haɗe da zambo.

Da masu jihadi suka karɓi Kano wajen 1807, Sarki Sulaimanu ya yi zaman malanta, bai damu da adon mulki ba. Amma Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya ga birni irin Kano ba zai riƙu ba sai da tsarin sarauta, sai ya mayar da da yawa daga cikin al'adun fada na dā. Ta haka tambari da kakaki suka ci gaba da zama a fada ƙarƙashin sarakunan Fulani. Jihadi bai kashe kiɗa a Kano ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara kaurin layin da ke tsakanin kiɗan da ke da dalili da mazauni, da kiɗan da ake gani na shashanci ne.

5.0 Birni da Waje

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas da Lubnan. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin saukar da baƙin da ba Musulmin Arewa ba, kuma da farko ba ta ƙarƙashin hukuncin Sarki. Daga nan Kano ta kasu biyu a bakin mutane: Birni, watau cikin ganuwa, da Waje, watau Sabon Gari da Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa da sauransu. An hana sayar da barasa a Birni, an kyale ta a Sabon Gari.

A Waje ne aka fara ganin wani abu da Bahaushe bai saba da shi ba, watau gida wanda aka gina ko aka kama haya musamman don kiɗa da rawa, mai ƙofa da mai gadi da kuɗin shiga. Otal-otal da kulob-kulob na Sabon Gari sun kawo makaɗan Kudu masu jita da bigila, masu kiɗan hailaif da juju. Ba a daɗe ba makaɗan Hausa masu goge da kukuma da kalangu suka gane cewa a nan akwai kasuwa.

Ya kamata mu tsaya mu auna abin da kuɗin ƙofa ya jawo. A tsohon tsari, makaɗi na ubangidansa ne, idan ubangida ya yi fushi ko aka tuɓe shi, makaɗi ya shiga uku. A sabon tsari kuwa, duk wanda ya biya ya zama ubangida na dare ɗaya: direba da ɗan kwangila da akawu da ɗan kasuwar Kantin Kwari. Wannan ne ya ba da damar fitowar makaɗan jama'a, waɗanda ba su da fada guda. Babban misalinsu shi ne Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya kuma rasu a asibiti a Kano a 1999. Haka Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Garba Supa da kukumarsa. Sai dai 'yancin ya zo da tsadarsa. Tun da wuraren da aka sami wannan 'yanci su ne wuraren da ake shan giya, kuma mata masu zaman kansu ke halarta, sai ƙurar wurin ta bi kiɗan. Mutumin Birni yana iya son muryar mawaƙi ƙwarai, amma ba ya so surukinsa ya gan shi a inda ake wasan.

6.0 Rikicin Gidajen Siliman

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar a tarihin gidajen siliman, waɗanda ban da nuna majigi sun zama zaurukan da manyan mawaƙa ke kamawa su yi wasa. An buɗe Rex a Waje a 1937. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a siliman El Duniya, mutum 331 suka halaka. Hukuma ta kafa kwamitin bincike, amma a bakin mutane da yawa na Birni hukunci ya riga ya fita, cewa sakayya ce ta zuwa irin wannan wuri. Sunan gidan ma ya ba masu wa'azi abin faɗa.

Ana cikin wannan juyayi ne aka buɗe siliman Palace a 1952, a unguwar Jakara kusa da Kasuwar Kurmi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wannan shi ne karo na farko da irin wannan gida ya tsallako ganuwa. Malamai suka yi tir, samari suka riƙa jifan masu shiga. A lura, shekara goma sha biyar ana nuna fim a Waje ba a yi irin wannan tarzoma ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne Waje ta shigo Birni. Bayan shekara talatin da ɗoriya, Gwamna Sabo Bakin Zuwo, wanda ya yi mulki na 'yan watanni a 1983, ya rufe Palace aka mayar da ginin asibiti. Sauran gidajen, irin su Plaza a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da El Dorado a Sabon Gari, sun ci zamaninsu, har bidiyo ya zo ya janye musu jama'a.

7.0 Rediyo da Siyasa da Gwamnati

A 1944 aka fara kafa lasifikokin rediyo mai waya a wuraren taruwar jama'a a Kano, a 1962 kuma gidan rediyon Kaduna ya fara aiki. Rediyo, da faifan garmaho, da kaset daga baya, sun warware wa mutumin Birni matsalarsa: yana iya jin Shata a zaurensa ba tare da ya taka Sabon Gari ba. Matar kulle ma ta ji Ɗanƙwairo tana tsakar gida. Amma wannan sauƙi ya raba kiɗa da wurinsa, ya kuma koya wa jama'a cewa ana iya more makaɗi ba a gan shi ba, ba a kuma yi masa kyauta ba.

Siyasar jam'iyyu ta buɗe wani sabon fili. Tun daga kafa NEPU a Kano a 1950, taron lacca ya zama wurin da mawaƙi ke samun dubban masu sauraro a rana ɗaya, NEPU da nata, NPC da nata. Haka aka sake yi a Jamhuriya ta Biyu, haka kuma ake yi har yanzu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuwa sun kwashe mutanen Gabas daga Sabon Gari, kiɗan otal ya yi sanyi sai bayan yaƙi.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ƙarƙashin Audu Bako, gwamnati ta shigo a matsayin sabon ubangida. Aka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta jiha, wadda ta yi fice da rawar koroso a shekarun 1970, zamanin bukukuwan al'adu na ƙasa da suka kai ga FESTAC a 1977. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu. Wannan ya ba kiɗan gargajiya wani mutunci, gama an ɗora shi a kan dakali an kira shi al'ada. Amma kiɗan gwamnati kiɗan tarbar baƙi ne, na minti goma, sai ran da babban mutum ya zo.

8.0 Kiɗan da Birni Ya Karɓa

Kada a ɗauka cewa duk wani sabon kiɗa Birni korarsa yake yi. Bandirin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya ɗaukaka, ya zauna daram a Kabara, daf da fadar Sarki. Maukibin da ake yi kowace shekara tun shekarun 1950, daga Gidan Ƙadiriyya zuwa maƙabartar Mai Giginya, yana cikin manyan tarukan da ake jin sauti da amshi a titunan Kano. Haka zaman Ishiriniya da majalisun sha'irai a watan Mauludi. Ba a rasa malaman da suka soki bandiri ba, musamman bayan bayyanar Izala a 1978, amma ba wanda ya iya tura shi Waje. Dalili kuwa shi ne yana da mai shi, yana da gida, yana da manufar da jama'a suka yarda da ita. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da muka faɗa tun farko.

9.0 Fiyano da Shari'a da Halin da Ake Ciki

Fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar finafinan Hausa a Kano, kafin ƙarshen shekarun nan goma kuma fiyano ta mamaye ɗakunan ɗaukar murya. Na'ura guda ta maye gurbin makaɗa shida da 'yan amshi. Mawaƙin zamani, idan ya hau dandamali, galibi faifansa ake sakawa yana bi da baki.

An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekara ta 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka yi dokar Hisba a 2003. Wasan gala, da rawar maza da mata a wuri ɗaya, da wasu kaɗe-kaɗen biki, suka shiga ƙarƙashin sa ido. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012, da bama-baman da suka tashi a Sabon Gari a 2013, suka sa fitar dare ta zama kasada na 'yan shekaru. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa bayan malamai sun yi ca a kai, abin da ya tuna wa masu dogon tunani rikicin Palace. Tashe ma 'yan sanda sun sha dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi.

Me ya rage ke nan? Dambe yana nan da makaɗansa a Dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Filin wasa na Ƙofar Mata da manyan filaye suna ɗaukar taron siyasa da na Mauludi. Biki kuwa ya tashi daga tsakar gida ya koma zauren haya, inda mai saka faifai ya gaje mai kalangu da mai ƙwarya. Hawan salla, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2024, an sha dakatar da shi saboda tsaro ko annoba ko rikicin sarauta, kuma duk shekarar da ba a yi hawa ba, makaɗan hakimai sun rasa babbar ranar cin abincinsu.

10.0 Kammalawa

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tarihin Kano ya nuna mana cewa idan wuri ya sauya, kiɗan kansa sauyawa yake yi, ko ya mutu. Kiɗan gargajiya ba a makaranta ake koyonsa ba. Yaro yana koyo ne ta bin ubansa wurin wasa, yana riƙe ganga, yana amshi, shekara da shekaru. Idan gayya ta ƙare, dandali ya zama shaguna, tsakar gida ta daina karɓar biki, to makarantar ce aka rufe. Faifai yana adana murya, amma ba ya yaye almajiri.

Saboda haka nake ganin birnin da ya kai girman Kano ya cancanci zaure na dindindin domin kiɗan gargajiya, wanda aka tsara shi bisa ga abin da tarihin nan ya koya mana: ya kasance yana da mai shi wanda jama'a suka amince da shi, ko masarauta ko jami'a ko hukumar al'adu, a yi wasa da rana ko da yamma, mata su sami nasu lokaci ko nasu gefe, a kuma riƙa biyan makaɗi haƙƙinsa a kan ƙa'ida. Jami'o'inmu, waɗanda suka riga suka girmama makaɗa, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, suna iya fara wannan da zaurukan da suke da su a yanzu. Ga ɗalibai kuma akwai aiki a gabansu: su shiga unguwanni su tambayi tsofaffi inda dandalin kowace unguwa yake a dā, da wanda ke kiɗa a wurin, da shekarar da aka daina, su rubuta tun masu ba da labarin suna raye.